Ciwon Yana Ƙofar Shiga: Cunkoson Gidan Yari, Gyaran Hukunci da Makomar Yara a Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta duba muhawarar da ake yi kan cunkoson gidajen gyaran hali a Najeriya, ta ɗauki birnin Kaduna a matsayin madubi. Ta bi diddigin abubuwa uku da aka saba tattaunawa a rarrabe, wato tsare mutane da sunan jiran shari'a, da ja-in-jar da ke tsakanin masu son a tsananta hukunci da masu son a sassauta shi, da kuma halin da yaro ke shiga idan ya faɗa hannun hukuma. Hujjar maƙalar ita ce Kaduna ba ta rasa dokoki ba, ba ta kuma rasa gine-gine ba. Abin da ta rasa shi ne tacewa a ƙofar shiga: wa ya cancanci a tsare, har zuwa yaushe, kuma shekarunsa nawa. An rufe da shawarwarin da za a iya aiwatarwa ba tare da jiran sabuwar doka ba.

1.0 Gabatarwa



Daga nan Unguwar Rimi inda muke wannan taro, tafiyar 'yan mintoci ce a keke mai ƙafa uku mutum ya isa ƙofar babban gidan yarin Kaduna da ke kan titin Independence. Idan ya haye gada ya yi kudu, zai tarar da gidan horon matasa na Bostal a Barnawa, da sansanin fursunoni na Kakuri. Kotunan majistare da babbar kotun jiha da ma'aikatar shari'a duk suna cikin wannan da'ira. Ke nan duk matakan da mai laifi ko wanda ake zargi zai taka suna tsakanin unguwanni ƙalilan. Amma fayil ɗin da ɗan aike zai kai da ƙafa cikin wuni guda yakan yi shekara bai isa ba, mai fayil ɗin kuwa yana kwance a ɗakin da ba a iya juyi sai an yi shawara da na kusa. Dalilin wannan jinkiri, da wanda yake ɗaukar nauyinsa, su ne abin da maƙalar za ta tattauna.

2.0 Waiwaye a Taƙaice

Kalmar gidan yari ta samo asali daga sarautar Yari, wanda sarki ke damƙa wa tsaron masu laifi. A tsarin gargajiya da na shari'ar Musulunci, tsarewa galibi matakin wucin gadi ne kafin hukunci, hukuncin kansa kuwa ya fi karkata ga diyya, tara, bulala, ko kora daga gari. Turawan mulkin mallaka ne suka mayar da ɗauri na watanni da shekaru babban makamin horo. An gina gidan yarin Kaduna a 1915, lokacin da garin kansa yake jariri. An buɗe sansanin Kakuri a 1953 domin fursunoni su yi noma da sana'a ba tare da doguwar katanga ba, gidan Bostal kuma ya biyo baya a 1962. A 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e ta haɗe su da nata. Wannan haɗewa ta kawo daidaito ta wata fuska, amma ta haifar da wata baraka da har yau muke fama da ita, kamar yadda za a gani a gaba.

3.0 Su Wa ke Ciki?

A watan Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya bayyana cewa akwai mutum fiye da 80,000 a gidajen gyaran hali 253, alhali abin da gidajen za su iya ɗauka bai kai 50,000 ba. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane ba a yanke musu hukunci ba. Matsakaicin lissafi na ƙasa ma ɓoye gaskiya yake yi, domin gidajen ƙauyuka wasu ba su cika ba, na birane ne ke tumbatsa. Na Kaduna, wanda aka tsara wa mutum ɗari biyar ko kusa da haka, ya sha ɗaukar fiye da dubu. Jiki magayi: an yi tarzoma a gidan a Afrilun 2010, aka sake yi ranar 31 ga Maris 2020 lokacin fargabar annobar korona, inda hukumar gyaran hali da kanta ta tabbatar da mutuwar fursunoni huɗu.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, sashe na 36 kuma ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. To ta yaya marasa laifi a idon doka suka zama masu rinjaye a kurkuku?

Mu ƙaddara 'yan sanda sun yi samame bayan an yi ƙwacen waya da wuƙa, suka kwaso matasa. A caji ofis aka rubuta musu haɗa baki da fashi da makami. Hukuncin fashi da makami kisa ne, majistare kuwa ba shi da hurumin sauraron irin wannan ƙara, kuma beli a kanta sai babbar kotu. Duk da haka gabansa ake kai su, ba don ya yi shari'a ba, sai don ya ba da umarnin tsarewa har a sami shawarar daraktan gabatar da ƙararraki. Daga nan fayil ya kama hanya. Wataƙila ɗan sandan da ya yi bincike an canza masa wurin aiki. Wataƙila mai ƙara ya sami wayarsa ko ya haƙura. Ranar zaman kotu babu motar kai fursunoni, ko shaida bai zo ba. Kowane ofishi yana da uzurinsa, uzurin kuma ba ƙarya ba ne, sai dai mutum ɗaya ne ke biyan kuɗinsa da kwanakin rayuwarsa.

Lauyoyi sun daɗe suna jayayya kan halaccin wannan tsarewa. A 2007, cikin shari'ar Lufadeju da Johnson, Kotun Ƙoli ta ce majistare na iya tsare wanda ake zargi ko da ba shi da hurumin yi masa shari'a. A 2012 kuwa Kotun ECOWAS ta sami Najeriya da laifi kan wani mutum da ya shekara tara a tsare a Legas bisa irin wannan umarni. Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015 ta nemi tsaka-tsaki: ta amince da tsarewar, amma ta ƙayyade mata kwana 14 a karon farko, da sabuntawa iyakantacciya, bayan haka a gurfanar ko a saki. Jihar Kaduna ta yi tata dokar bisa wannan tafarki a 2017, tare da sabon kundin hukunta laifuka. Agogo dai an saka shi a doka. Wanda zai riƙa dubansa ne ba a naɗa ba.

A nan ne barakar 1968 ke bayyana. Mafi yawan waɗanda ke tsare laifin dokar jiha ake zarginsu da shi, kotun jiha ce ta tura su, ma'aikatar shari'ar jiha ce ke riƙe da fayil. Amma tarayya ce ke ciyar da su. A kan naira 1,125 da aka mayar da kuɗin abincin fursuna a 2024, ciyar da mutum 80,000 yana cin naira miliyan 90 a kowace rana. Wanda ke cika gidan ba shi ke cefane ba, don haka ba ya jin zafin jinkiri a aljihunsa. Gyaran kundin tsarin mulki da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023 ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Ko jihohi za su yi marmarin ɗaukar nauyin da wani ya daɗe yana ɗauke musu, wannan wata magana ce.

4.0 Tsanantawa ko Sassautawa?

Ra'ayi na farko kan maganin cunkoso shi ne a ƙara gini. An ga misalinsa a katafaren gidan da aka gina a Janguza ta Kano mai ɗaukar mutum 3,000. Ginin 1915 yana bukatar magaji, babu musu. Amma ɗakin da ke yoyo ba a magance shi da ƙarin bokitai. Muddin ƙofar shiga tana wangale, sabon gida ma zai cika.

Ra'ayi na biyu shi ne afuwa da sakin jama'a lokaci-lokaci. Tun 1977 doka ta ba manyan alƙalan jihohi ikon zagaya gidajen yari su saki waɗanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ko suka wuce wa'adin da za a ɗaure su da an same su da laifi. Gwamna yana da ikon afuwa a sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulki. A Nuwamban 2023 an saki mutum 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni aka biya musu tara da diyya. Aikin alheri ne, amma a duba lissafin. Kason kowane mutum a matsakaici bai wuce naira dubu 144 ba. A kan naira 750 da ake ciyar da fursuna a lokacin, abincin wata shida da 'yan kwanaki ya cinye wannan kuɗi. Ashe gwamnati tana kashe fiye da tarar domin ta hukunta wanda ya kasa biyan tarar. Irin wannan mutum ba laifinsa ya riƙe shi ba, talaucinsa ne.

Ra'ayi na uku, wanda maƙalar nan ta fi karkata gare shi, shi ne hukuncin da ba na ɗauri ba. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019, wadda ta sauya wa hukumar suna, ta keɓe rabinta na biyu ga wannan: aikin al'umma, ɗaurin talala, sakin fursuna bisa sharaɗi kafin cikar wa'adi, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. Afirka ba baƙuwa ba ce a nan. Zimbabuwe ta fara hukuncin aikin al'umma a farkon shekarun 1990, Kenya ta yi masa doka a 1998. Mu kanmu mun gaji sulhu da diyya da rantsuwa gaban mai unguwa tun kafin a san da waɗannan ƙasashe. Abin da ke hana alƙali amfani da wannan dama a fili yake. Idan ya ce ɓarawon kaji ya share asibitin unguwa na wata biyu, wa zai tabbatar ya je? Idan babu jami'in sa ido, alƙali zai koma ga abin da ya sani, wato wata shida ko tara.

Sashe na 12 na Dokar 2019 ya zo da abin da ba a taɓa gani ba. Ya wajabta wa shugaban hukumar na jiha ya sanar da babban alƙali da kwamishinan shari'a cikin mako guda idan gida ya wuce ƙima, ya ba su wata uku su ɗauki mataki, ya kuma ba shi ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni. Wasu masu shari'a na ganin hakan raina umarnin kotu ne. Amsa ita ce majalisa ce ta ba da ikon, kuma manufarsa a mayar da matsalar ga masu iya warware ta. Ko a Amurka, a 2011 Kotun Ƙoli ta tilasta wa jihar Kalifoniya rage fursunoninta, bisa hujjar cewa cunkoso ne ya hana fursunoni samun kulawar lafiya, abin da ya kai ga azabtarwar da tsarin mulki ya hana.

Dole kuma a yi wa masu son tsanantawa adalci. Wanda aka sare wa hannu saboda waya, ko uwar da aka lalata wa 'ya, ba za a yi musu wa'azin sassauci ba. Fushin jama'a kan yawaitar fyaɗe ne ya sa a Satumbar 2020 Gwamna Nasir El-Rufa'i na Kaduna ya sanya hannu kan gyaran kundin hukunta laifukan jihar da ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Niyyar kare yara ce. Sai dai akwai abin lura ta fuskar aiki. Duk laifin da aka ɗaga zuwa na kisa ya fita daga hannun majistare, ya shiga dogon layin da muka bayyana. Tsawon lokaci kuwa abokin mai laifi ne: shaida yakan gaji, yarinya takan girma ta ƙi tuna baya, dangi sukan matsa a janye, musamman idan wanda ake zargi na gida ne kuma an san rataya ke jiransa. Bugu da ƙari, fiye da mutum 3,000 ke jiran kisa a faɗin ƙasar nan, gwamnoni ba sa son sa hannu, rabon da a ji an zartar tun ƙarshen 2016 a Jihar Edo. Abin da ke tsorata mai laifi shi ne tabbacin za a kama shi a hukunta shi da wuri. Hukunci mai tsanani da ba ya zuwa, kurin banza ne.

5.0 Yaro a Hannun Hukuma

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, wadda ta ce tsare yaro shi ne matakin ƙarshe, kuma na mafi ƙanƙantar lokaci. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana a ɗaure yaro a kurkuku ko a yanke masa hukuncin kisa, ta tanadi kotun iyali, ta ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara damar kashe ƙananan laifuka ta hanyar sulhu da sa ido. Kaduna ta yi tata Dokar Walwala da Kare Yara a 2018, bayan shekara goma sha biyar. Abin takaici shi ne duk tsawon wannan lokaci muhawarar Arewa ta tsaya ne a kan shekarun aure. Babin da ya shafi yaron da aka kama, wanda babu malamin da ke jayayya da shi, bai sami mai karanta shi ba.

Duk wannan kariya a kan abu ɗaya ta rataya, wato shekaru. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Yaron da ba shi da takarda, shekarunsa na bakin alƙalamin wanda ya kama shi. Idan aka rubuta 16, sai an nemo iyaye da jami'in walwala da wurin ajiya na musamman. Idan aka rubuta 19, aiki ya yi sauƙi. Da lamba biyu yaro ya zama babba, ya kwana ɗaki ɗaya da waɗanda suka ƙware. Dokar 2019 ta umarci gandiroba ya ƙi karɓar mai ƙarancin shekaru, amma takardar kotu ke hannunsa, ita kuwa ta ce 19. Almajiri da ɗan gudun hijira da marayan da ke kwana a tasha su suka fi faɗawa wannan rami, don babu mai zuwa ya ce ni na haife shi.

Duniya ta ga wannan da idonta ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da waɗanda aka kama a Kano da Kaduna yayin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa. Cikinsu akwai yara da suka yi kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. An sa belin naira miliyan goma a kan kowannensu. Sai da hotuna suka karaɗe duniya Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin sakinsu, aka miƙa su ga gwamnoninsu, Uba Sani na Kaduna da Abba Kabir Yusuf na Kano. Waɗannan kyamara ta cece su. Na kotunan da babu ɗan jarida fa?

Idan ma an yarda yaro ne, ina za a kai shi? Shekara da shekaru gidajen Bostal uku ne suka yi wa ƙasar nan gaba ɗaya hidima: Kaduna, Ilori da Abekuta, domin matasa 'yan 16 zuwa 21. Ingila da muka kwaikwayo tsarin daga gare ta ta soke shi tun 1982. Dokar 2019 ta ce a samar da irinsa a kowace jiha. Inda hukuma ta bar gurbi kuwa, wani zai cike. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga wani gidan mari a Rigasa, da yawansu yara, wasu da sasari a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka gano irinsa a Daura da Katsina da Zariya. Iyaye ne da kansu suka kai mafi yawansu, har suna biya. Ba ƙiyayya ta sa su ba. Uban da ɗansa ya faɗa shaye-shaye ya duba gabas da yamma bai ga inda zai kai shi ba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. An rufe gidajen, kuma daidai ne, amma bukatar da ta haife su tana nan.

Akwai kuma yaron da bai yi komai ba: jaririn da ke goye a bayan uwar da aka tsare, da 'ya'yan da suka bar makaranta ranar da aka kama mai ciyar da su. Sashe na 30 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙi da Walwalar Yara ya ce a fara duba hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki da mai shayarwa. Kafin alƙali ya tsare mace kan rikicin bashi ko faɗan maƙwabta, ya kamata ya tambaya: wa ke gida?

6.0 Shawarwari

Na farko, kowane umarnin tsarewa ya ɗauki ranar ƙarewarsa, babban alƙalin jiha kuma ya sa a riƙa kawo masa jerin waɗanda wa'adinsu ya wuce duk wata, da sunan ofishin da fayil ya maƙale.

Na biyu, idan aka yi shakkar shekaru, a ɗauki wanda aka kama a matsayin yaro har sai an tabbatar da akasin haka. A karɓi shaidar mai unguwa, malamin allo, limami ko fasto, da katin rigakafi. Majistare ya dubi fuskar wanda ke gabansa, kada ya tsaya ga takarda.

Na uku, ziyarar wata-wata da doka ta ɗora wa majistare zuwa ofisoshin 'yan sanda ta tabbata, tare da lauyoyin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ɗaliban lauya. Malawi ta nuna tun shekarar 2000 cewa mataimakan lauya masu ɗan horo suna iya rage masu jiran shari'a da kuɗi kaɗan.

Na huɗu, jiha ta ɗauki jami'an sa ido kan aikin al'umma, ta haɗa su da masu unguwanni, a kuma bar mai tara ya biya kaɗan-kaɗan.

Na biyar, a samar da cibiyoyin gyaran tarbiyya da maganin shaye-shaye masu rajista, waɗanda ake dubawa, malamai da likitoci su yi aiki tare a cikinsu.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa cunkoso, da rikicin hukunci, da tozarta yara, reshe uku ne na itace ɗaya, saiwarsa kuwa tana wurin da ake yanke shawarar tsare mutum tun farko. Dokokin 2015 da 2017 da 2018 da 2019 sun ba ɗan sanda ikon yin sulhu, sun ba majistare ikon saki idan wa'adi ya cika, sun ba gandiroba ikon cewa gida ya cika. Kowannensu yana riƙe da mabuɗi, kowannensu yana jiran wani ya fara juya nasa. Mu da ke wannan zaure mun san waɗannan ofisoshi, wasunmu ma a cikinsu muke aiki. Gobe da safe akwai takardar da za ta zo teburin ɗayanmu an rubuta 19, mai ita kuwa ko gemu bai fara ba. Abin da aka yi da wannan takarda shi ne gyaran, ko rashinsa.